Fuskar Kaka a Kasuwar Gwanjo

Ga watan Nuwamba ya sake zagayowa, watan da Uwa Ikilisiya ta keɓe domin tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A kowace majami'a za a ajiye kwando a gaban bagade, kowa ya rubuta sunayen matattunsa ya jefa a ciki. Mun daɗe da lura cewa yawancinmu sunan uba da na kaka muke rubutawa, daga nan alƙalami ya tsaya. Wanda ya kai ga kakan kaka sai a riƙa kallonsa kamar maroƙin fada. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauko wani labari daga ƙasa mai nisa, mu aza shi kusa da wata tambaya da wani dattijo ya taɓa yi mana a nan gida, mu gani ko ɗayan zai haska ɗayan.

Ranar 6 ga Yuli 2023, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, aka buga guduma a kan wasu ƙananan hotuna biyu, zanen hannu a bisa allon katako, a kan kuɗi sama da fam miliyan 11. Mai son lissafi ya juya wannan zuwa naira. Mu kam mun gwada, sifirin ya yi mana yawa. Tsawon kowane hoto bai wuce santimita 20 ba, wato kamar taƙi guda. Ɗaya na wani tsoho ne mai suna Jan van der Pluym, ɗayan na matarsa Jaapgen Carels, mutanen garin Leiden a ƙasar Holan. Shi tsohon ba sarki ba ne, ba kuma malami ba. Mai aikin famfo ne da rufin ɗaki wanda Allah ya buɗa wa. Wanda ya zana su a shekarar 1635 shi ne shahararren mai zanen nan Rembrandt, kuma akwai surukuta tsakaninsu, gama ɗansu ya auri 'yar'uwarsa. Ke nan hotunan gida ne, an yi su domin jikoki su san fuskar kaka.

Shekara 125 hotunan suka yi a hannun zuriyarsu. A 1760, bayan rasuwar wani tattaɓa-kunnensu, aka fito da su gwanjo a Amsterdam. Daga nan suka shiga yawon duniya: suka je Warso a ƙasar Folan, suka je Faris, suka sauka Landan, inda aka sake yin gwanjonsu a 1824. Iyalin da suka saye su a lokacin, mutanen Ingila ne, suka riƙe su kusan shekara 200, suna kwana suna tashi da fuskokin kakannin wasu.

Kafin mu yi hukunci ya kamata mu san dalilin da ya sa mutanen Holan suka cika gidajensu da irin waɗannan hotuna. A shekarar 1566 rikicin addini ya tashi a ƙasar, aka bi majami'u ana farfasa siffofin tsarkaka. Bayan da arewacin ƙasar ya bi koyarwar Kalbin, bangon majami'u ya koma fari fat, masu zane kuwa suka rasa babban mai ba su aiki. Ana cikin haka fatauci ya bunƙasa, jiragen ruwansu suka kai gabas da yamma, attajirai suka yawaita. Sai fuskar ɗan kasuwa da ta matarsa suka hau bangon da a dā fuskar waliyyi ke hawa, sai dai wannan karon a falon gida. Ba muna faɗin haka domin tsokanar 'yan'uwanmu na sauran ɗarikoki ba ne. Abin da muke so a gani shi ne, ɗan Adam ba ya iya zama ba tare da wata fuska da zai riƙa ɗaga ido yana duba ba, kuma ba ya son tasa fuskar ta ɓace bayansa.

To, sa'ad da aka buga gudumar nan a Landan, me aka sayar? Katakon da fentin ba su kai kuɗin tunkiya ba. Fuskar Jan kuwa, da wani ƙaramin mai zane ne ya yi ta, da ba ta kai kuɗin tsohuwar mota ba. Irin waɗannan hotuna na iyalan Holan suna fitowa gwanjo a kai a kai, wasu ma ba a san ko su wane ne a ciki ba, sai a rubuta “hoton wani mutum” ko “hoton wata mace”. Hannun Rembrandt aka saya. A gidan jikokinsa, tsohon shi ne abin kallo, mai zanen kuwa ma'aikaci ne da aka kira. A ɗakin gwanjo al'amarin ya juye, mai zanen ya zama mai gida, tsohon ya zama kamar jakin da ya ɗauko kayan. Wannan juyin shi ne abin da ke faruwa duk lokacin da abin gado ya fita daga ɗaki ya shiga kasuwa. Abin yana nan yadda yake, ko ƙwarzane babu, amma tambayar da ake yi a kansa ta sake. A gida ana tambaya, “Wane ne wannan?” A kasuwa ana tambaya, “Nawa ne?”

Akwai wani hoton da ya fi wannan ban tausayi. Wajen shekarar 1624 Frans Hals ya zana wani mai sayar da yadi a garin Haarlem, Gijsbert van Campen, da matarsa da 'ya'yansu rututu, duka a kan yadi ɗaya. Daga baya aka sa wuƙa aka yanka hoton. Uba da uwa da wasu 'ya'yan suka ƙare a Toledo ta Amurka, wasu yara uku da keken akuyarsu suka ƙare a Brussels ta Beljiyam, kan wani yaro shi kaɗai ya faɗa hannun wani mai tara kaya. Sai a 2018 aka haɗa gutsattsarin a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado, ya ga yadda ake yanka gandu ɗaya gida bakwai, 'yan'uwa su tashi ba mai gaida wani, ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan hoto.

Amma gaskiya ɗaya ce, tilas mu ba kasuwa haƙƙinta. Da ba a sayar da hoton Jan ba, mai yiwuwa ne da ya ruɓe a wani ɗakin shirgi, ko gobara ta cinye shi. Tsadar da ya yi ita ta sa aka adana shi, takardun ciniki kuma su suka sa masana suka iya bin sawu har suka tabbatar da sunansa. Ga shi yau wani Fada a ƙasar Zamfara yana ambaton mai gyaran famfo na Leiden, alhali bai san sunan kakan kakansa ba. Haka kuma a 2016, da iyalin Rothschild suka sayar da manyan hotunan Marten Soolmans da amaryarsa Oopjen Coppit, waɗanda Rembrandt ya zana a 1634, gwamnatocin Faransa da Holan suka haɗa yuro miliyan 160 suka saya, suka kuma yi yarjejeniya cewa ba za a raba miji da mata ba: in za su zauna a Faris su zauna tare, in za su koma Amsterdam su koma tare. Mun yi murmushi da muka ji gwamnatoci biyu suna tsaron igiyar auren matattu. Sai dai murmushin bai daɗe ba, domin dukiyar gidan su Marten daga matatar sukari ta fito, raken kuwa bayi ne 'yan Afirka suka noma shi a Brazil. Su waɗannan ba wanda ya zana fuskarsu. An dai rubuta farashinsu.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, ina ruwan Bazamfare da wannan, mu da ba mu gaji hotuna ba? Lalle kakanninmu ba su rataya fuskokinsu a bango ba. A kumatun jikoki suka rubuta su da askar wanzami, har a dā in ka ga mutum a kasuwar Gusau kana iya cewa wannan Bagobiri ne, wancan Bazamfare, wancan Bakatsine. Sun bar mana gona da kufai da kushewa, da sunan da ake maimaitawa a kan jariri har uwarsa ta kasa kiransa sai da laƙabi. Amma ƙasar nan da muke takawa tana da nata fuskokin, waɗanda suka girmi na Holan nesa ba kusa ba.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya yana korar ɓarna da shi. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce an yi mutane a ƙasar nan masu gwanintar ƙera siffar ɗan Adam. Ba a Nok kaɗai ba. An samu wasu a ƙasar Katsina, an samu wasu a nan yammacinmu, masu gira mai nauyi da ta sauko kan ido, da ɗan gemu, da fuska a murtuke kamar ta alƙalin da aka tasa daga barci. Dillalan Turai suka raɗa musu sunan Sakkwato. Kada mu manta, kafin 1 ga Oktoba 1996 duk nan Jihar Sakkwato ce. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi wa waɗannan wurare rubdugu. Wani masani ɗan Ingila, Patrick Darling, ya yi rubutu a shekarar 2000 a kan wannan wawaso, sunaye biyu kuma ya sa a gaba: Nok da Kwatarkwashi. Kwatarkwashin nan dai tamu, ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, wadda dutsenta ke tsaye yana kallon duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun hukuma, ta kuma hana fita da su ba da izini ba. Duk da haka suka fita. A watan Afrilu 2000, da aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre a Faris, sai ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a cikin gilashi, an sayo su daga hannun wani dillali a Beljiyam. A wannan shekarar ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa irinsu cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Bayan ka-ce-na-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. A 2025 ita ƙasar Holan ɗin ta maido wa Nijeriya kayan tagulla 119 na masarautar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Na Benin an san fadar da aka ɗauke su, shi ya sa aka san inda za a mai da su.

A nan ne bambancin yake, kuma muna roƙo a tsaya a dube shi da kyau. Jan van der Pluym ya fita daga gidansa da sunansa da shekararsa da takardarsa. Namu sun fita da dare cikin buhu. Mai haƙa ba ya rubuta zurfin ramin, ba ya adana gawayin da ke gefe wanda da shi ake auna shekaru, ba ya kula da tukwanen da ya farfasa kafin ya kai ga kan. Sau da yawa jikin ma fasa shi ake yi, a ɗauki kan kaɗai domin shi ke da kasuwa. Abin da za a iya sani game da mutanen nan, ko kabari ne wurin, ko wurin ibada, ko gida, me suka ci, da wa suka yi ciniki, duk yana cikin ƙasar da aka watsar. Ko da an maido kan gobe, wannan ba zai dawo ba. Kamar a yage shafi ɗaya daga littafin baftisma ne, a yanke hoton hatimin a sayar, a ƙone sauran.

Mun san amsoshin da ake bayarwa, mun kuma ji su daga bakin Kirista da Musulmi duka. Na farko a ce, “Ai gumaka ne, gara ma su tafi.” Mu Katolika ya kamata mu fi kowa yin hankali da wannan magana, gama ita aka faɗa a kan siffofinmu a 1566, ita kuma aka faɗa a ƙarni na takwas, har sai da Babban Taron Nikiya na biyu ya zauna a 787 ya bayyana cewa girmamawar da ake yi wa siffa tana zarcewa ne zuwa ga wanda aka siffanta, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Ba wanda ya ce a durƙusa wa kan yumɓu. Amma wanda ya ƙera shi mutum ne da Allah ya halitta cikin kamanninsa, ya ba shi ido da hannu, ya lalubi Mahaliccinsa cikin duhu da abin da ya sani, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Mai Ceto a Baitalami. Sa'an nan, in da gaske ƙyamar gunki ce ta motsa mu, me ya sa ba mu ƙyamaci kuɗinsa ba?

Na biyu a ce, “Ba kakanninmu ba ne, wa ya san su?” Gaskiya ne ba mai iya jan salsala daga gidansa zuwa gare su. Amma sun sha ruwan da muke sha, sun noma fadamar da muke noma, an rufe su a ƙasar da za a rufe mu.  In mutuncin matacce ya dogara ga samun jikan da zai tsaya masa, to kowannenmu ya jira, nan da ƙarni uku shi ma ya zama kayan kasuwa.

Amsa ta uku ita ce mai nauyi, ba kuma za mu wuce ta da sauri ba: yunwa. Saurayin da ya shiga rami bai yi haka domin ƙin tarihi ba. Damina ta yi gardama, taki ya yi tsada, wani ya zo da mota ya nuna masa kuɗi. Abin da aka ba shi bai kai ƙurar abin da aka biya a Turai ba, kamar yadda iyayen yaran Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba su ga arzikin zinariya ba, sai gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010. Ƙasar Zamfara ta saba da baƙon da ke son abin da ke ƙarƙashinta fiye da wanda ke bisanta. Saboda haka in za a raba laifi, kada a fara da mai diga.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu mutum biyu da aka yi wa tayin gado. Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, ya sayar wa Yakubu matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate (Farawa 25). Nabot kuwa, sarki Ahab ya yi masa tayi mai kyau, gonar inabi wadda ta fi tasa ko kuwa kuɗinta, ya ƙi, domin gādon kakanninsa ne, ƙin nan kuma ya ci ransa (1 Sarakuna 21). Ta fuskar ciniki Nabot wawa ne. Abin da ya gane shi ne, akwai abin da ke hannunka wanda ba naka ba ne kai kaɗai: na waɗanda suka ba ka ne, da na waɗanda ba a haifa ba tukuna, su biyun kuwa ba sa wurin da za a nemi yardarsu. Mai irin wannan abu ɗan amana ne. Ikilisiya ma haka ta ɗauki kanta. Dokokinta na 1983, a doka ta 1190, sun haramta sayar da ragowar tsarkaka, wato ƙasusuwansu da makamantansu, haramci ba sassauci. Siffofin da jama'a ke girmamawa ƙwarai a wata majami'a kuma, ko Bishop ba shi da ikon rabuwa da su sai da izinin Roma. Ikilisiya ta koyi wannan ne da wuya, bayan ƙarnuka da 'ya'yanta suka yi suna cinikin abin da bai kamata ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi, da kuma ba mu rubuta ta ba. Ga tambayar dattijon. Mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kekun Waje da Kwatarkwashi, daga cikin iyayenmu da suka karɓi baftisma da furfura. Shekaru da dama da suka wuce garmarsa ta tono wani kai na yumɓu a gonar da ya gada. Bai nuna wa kowa ba, ya naɗe shi da tsumma ya sa a rumbu. Ana nan sai masu garkuwa da mutane suka tare hanya suka tafi da jikarsa, suka yanka kuɗi, suka ba da kwanaki. Labarin kan ya riga ya kai kunnen wani dillali. Dattijon ya zo bayan Hadaya, ya tuɓe hula, ya ce, “Fada, in na sayar da mutumin nan na fanshi yarinyar, na yi zunubi?”

Mun lura da cewa “mutumin nan” ya ce, bai ce “abin nan” ba.

A shekarar 378 Gotawa suka karya rundunar Roma a Adiriyanobul, suka kwashe mutane da yawa bayi. Ambrose mai tsarki, Bishop na Milan, ya sa aka farfasa kwanonin zinariya na majami'a, aka narkar, aka fanshi kamammu da su. Abokan gābansa suka yi ta zarginsa da wulakanta kayan Allah. Amsar da ya bayar, a taƙaice, ita ce Ikilisiya tana riƙe zinariya ne domin ranar bukata, kuma ƙoƙon da ke ɗaukar Jinin da ya fanshi duniya bai taɓa yin aikin da ya dace da shi kamar ranar da ya fanshi mutum daga hannun maƙiyi ba. Tun kafin shi, a 258, da mahukuntan Roma suka ce wa Lawrence mai tsarki ya kawo dukiyar Ikilisiya, gajiyayyu da makafi da gwauraye ya tara ya nuna musu. Ubangijinmu da kansa, da aka miƙa masa dinari, siffar da ke kai ya tambaya, ya bar wa Kaisar abin da ke ɗauke da fuskar Kaisar (Matiyu 22). Yarinyar da ke daji tana ɗauke da siffar Allah. Ba hoton Rembrandt, ba kan yumɓu, ba ƙoƙon zinariya da za a aza a ma'auni ɗaya da ita. Wanda ya ce wa kakan nan ya bar jikarsa domin tarihi, bai san tarihi ba, bai kuma san Allah ba.

Ashe ke nan gwanjon da ya fi muni ba a Landan ake yinsa ba. A dazuzzukanmu ake yinsa, ta wayar hannu, inda ake taya ɗan mutum kamar bijimi, a ce albarka, a rage, a ƙara babur a kai. Duniya ta ji na 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021 saboda yawansu. Na ɗaiɗaiku da ake ɗauka a gona da hanya, sai dai uwa da Allah. 'Yan'uwan Yusufu azurfa ashirin suka karɓa. Muna jin kunyar yin dogon wa'azi a kan fuskokin yumɓu a ƙasar da fuskoki masu rai suke da farashi. Amma mun gaskata cuta ɗaya ce: idon da ya koyi duban kowane abu yana tambayar “nawa ne”, ba ya tsayawa a kan matattu.

Sai dai Ambrose bai ce a sayar da kome a kowane hali ba. Ya shimfiɗa tsari: a fara da kwanonin da ba a keɓe ba tukuna, sai in sun kāsa a taɓa keɓaɓɓu, kuma domin bukata irin ta fansar rai, ba domin ƙawa ba. Ya fara da kayan majami'arsa ne, bai aika gwauruwa ta sayar da tukunyarta ba. Wannan ya juyo da tambayar dattijon kanmu. In har tsoho ya rasa abin da zai fanshi jikarsa sai abin da ke ƙarƙashin dawa a rumbu, ina sauran jikin Kristi yake? Yunwar Isuwa ta gaske ce. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne, ɗan'uwansa na zaune da tukunya cike, ya ga dama ce ta ciniki. Yawancin gadon da ake sayarwa a ƙauyukanmu, gona ce ko saniya ko tasoshin ɗakin uwa, ana sayar da shi ne gaban wani Yakubu da ke da halin ya ba da rance ya jira kaka.

Akwai kuma sayarwar da ba yunwa a cikinta, wadda ba ma kiranta sayarwa. Hoton auren iyayenmu, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a Sabon Garin Gusau, yana ƙarƙashin katifa gara na ci. Katin baftismar kaka, mai sa hannun Fadan Dominikan da suka zo daga Amurka a shekarun 1950, an naɗe ƙosai da irinsa. Tsohuwar da ta san sunayen gida har hawa shida tana zaune a zaure, jikoki na wucewa da waya a kunne. Mutanen Holan da suka kai kakansu gwanjo a 1760 sun dai riƙe shi shekara 125, sun kuma miƙa shi da sunansa. Kafin kwandon Nuwamba ya zagayo, mai tsohuwa a gida ya zauna gabanta da takarda da alƙalami. Mai hoto ya juya bayansa ya rubuta ko wane ne, da garinsu, da shekarar da ya rasu. Wanda garmarsa ta tono wani abu kuma, kada ya fasa, kada ya bi ramin da haƙa. Ya lura da wurin, ya sanar da mai gari, a nemi jami'an Hukumar Gidajen Tarihi.

Ga abin da muka ce wa dattijon. Muka ce, “Baba, ran yarinyar ya fi, Allah kuma ba zai kama ka da laifin ƙaunarta ba. Amma doka ta hana wannan ciniki, mai sayen kuma ya san kana cikin wuta, ba zai ba ka abin kirki ba. Ba mu kwana biyu.” Haka kuwa aka yi: abin da dillalin ya taya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema ba. Zumuntar Mata ta zaga, matasa suka zaga, maƙwabtansa Musulmi suka kawo nasu, ciki har da wanda ya sayar da ragon da yake kiwo domin Layya. Duk da haka bai isa ba. Dattijon ya jinginar da rabin gonar, ita gonar da ya gada, wadda kan ya fito daga cikinta.

Yarinyar ta dawo bayan kwana goma sha tara, ƙafafunta a kumbure. Gonar har yanzu tana hannun wanda aka jinginar wa. Da muka koma gaishe su, muka sa katikis ya rubuta a littafi inda aka tono kan da shekarar da aka tono shi, gwargwadon abin da tsohon ya tuna. Muka tambaye shi ko yana so a kira jami'an hukuma su zo su ɗauka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a kira su, amma a bari sai bayan girbi, gama yana so yarinyar ta warke sosai ta gan shi tukuna, ta san wanda suka tarar a gonar.